Kafin ka sayi sabuwar taya, duba yadda tsohuwar ta cinye

Idan taya ta suɗe ta gefe ɗaya alhali zanen ɗaya gefen na nan da kaifinsa, akwai abin da ke cin ta a ƙafar motar, kuma zai ci sabuwar kamar yadda ya ci tsohuwar. Sayen taya ba tare da gyara wannan ba, zuba ruwa ne a kwando. Saboda haka tun kafin ka fara tambayar wane kamfani ya fi, ka murɗa sitiyari har ƙarshe, ka tsuguna, ka shafa zanen da tafin hannunka daga ciki zuwa waje.

In tsakiyar ce ta cinye, iska ta yi yawa. In gefuna biyun ne suka cinye tsakiya na nan, iska ta yi kaɗan, kuma wannan ya fi haɗari domin taya mai ƙarancin iska zafi take ɗauka har ta iya fashewa. Maganin duka biyun geji ne na kanka, wato ma'aunin iskar taya, ka riƙa aunawa sau ɗaya a wata da safe kafin motar ta yi tafiya. Adadin da ya dace yana jikin takardar da ke manne a bakin ƙofar direba. Wanda aka rubuta a jikin tayar iyakar abin da za ta iya ɗauka ne, kuma mutane da yawa a nan suke kuskure.

Gefe ɗaya kawai, musamman na ciki da ido ba ya gani, ko zanen da ke kama hannu ta ɓangare ɗaya yana santsi ta ɗayan, aikin alaimen ne, wato saitin ƙafafun mota su miƙe daidai. Sai dai kada ka biya kuɗin alaimen kafin makanike ya girgiza ƙafar ya duba tayarod da boljoyin da bushin, wato kayan da ke riƙe da ƙafar. In suna da wasa, saitin ba zai zauna ba. In kuwa hannunka ya ji tudu da kwari a zagayen tayar, sai a duba shokazoba da balansin.

Yanzu ga tayar kanta. Zane iri uku ne a kasuwa, kuma bambancinsu ya shafi cinyewa kai tsaye. Mai zane iri ɗaya a duka gefuna ana iya kai ta kowace ƙafa, gaba ko baya, hagu ko dama. Mai zane biyu, wadda aka rubuta wa Outside a gefe ɗaya, ita ma tana zagaya ƙafa huɗu muddin an ɗora ta daidai a kan rim, kuma ta fi riƙe hanya a kwana. Ta ukun ita ce mai zane kamar harafin V da kibiya a gefe. Tana da kyau ƙwarai wajen korar ruwa, amma gaba da baya kawai take sauyawa a ɓangare ɗaya, sai dai a cire ta daga rim. Ga mai tuƙin yau da kullum, ni na fi son biyun farko, domin sauya wa tayoyi wuri duk kilomita 8,000 zuwa 10,000 shi ne abin da ya fi daidaita cinyewarsu, musamman a motar da ke ja da ƙafar gaba.

Lambar Treadwear da ke gefen taya, wadda ke nuna ƙarkon zanenta, tana taimakawa: mai 400 ya kamata ta fi mai 200 daɗewa. Amma kwatancin ya fi inganci tsakanin tayoyin kamfani ɗaya.

Biyu ko huɗu? Huɗu ya fi, kuma a motar da ke ja da ƙafa huɗu kullum kusan dole ne, don bambancin zurfin zane yana wahalar da kayan giyarta. In ƙarfinka na biyu ne, ka sayi girma da iri ɗaya, ka sa su a baya. Na san da yawa za su ce gaba, amma ƙafar baya ce in ta zame a jiƙaƙƙiyar kwalta take juya mota.

Taya ta hannu ita ce na fi jin tsoro, domin ta zo da cinyewar wata motar a jikinta. In dole ne, ka auna zurfin zanen a wuri uku, ciki da tsakiya da waje. Milimita 1.6 ne iyakar doka a ƙasashe da yawa, kuma akwai ƙananan tudu a cikin ramin zanen da ke nuna an kai wurin. Ka leƙa cikinta don faci, ka duba gefe don kumburi ko tsagewa, sannan ka karanta lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT da ke gefenta, masu nuna lokacin da aka ƙera ta: 3522 na nufin mako na 35 na shekarar 2022. Kamfanin taya na Michelin na ba da shawarar a riƙa kai taya dubawa kowace shekara bayan ta kai biyar, a kuma cire ta in ta kai goma ko da zanenta bai ƙare ba.