Hattara da mai "mayar da gilashin mota sabo", ya cinye min naira dubu 45

Naira dubu 45, jama'a, a wannan marra! Akwai wani da yake tallata kansa a Facebook da TikTok, wai komai karcen gilashin gaban motarka zai mayar da shi sabo fil. Ɗan damfara ne.

Kada wani ya zo yana ce min kwaɗayin araha ne. Ni ba baƙo ba ne a harkar mota. Na san hodar cerium oxide gaskiya ce, da ita masu gilashi suke goge ƙananan karce, shi ya sa da ya ambace ta na saki jiki. Kuma a gabana ya gwada. Ya shafa a gefen direba, ya murza da tsumma, layukan da waifa ta yi suka ɓace. Da idona na gani! Har ya ce, "Alhaji, taɓa ka ji." Na taɓa, sumul. Wa zai ga haka ya ce ƙarya ne?

Wanki ɗaya aka yi wa motar, komai ya dawo. Af, kafin nan ma ya karɓi dubu 20 kafin alƙalami, wai zai sayo hoda mai kyau daga Legas, ranar aikin na cika masa dubu 25. Dubu 45 ke nan cif. Ya zo da injin goge fenti yana ta gurzar gilashin, ni kuma ina tsaye har da sayo masa ruwan sanyi.

Da na kai motar wajen wani dattijo mai gilashi a Ƙofar Ruwa, farce kawai ya ja a kai. Ya ce duk karcen da farce ya maƙale a ciki ya fi ƙarfin hoda. Su kuwa ƙananan ramukan da yashin hunturu da tsakuwar manyan motoci suka yi, sai an cinye gilashin kafin su fita, in an cinye kuma hanya ta riƙa lanƙwashe maka a ido. Abin da mutumin ya shafa mai ne da kaki, suna cike karcen na ɗan lokaci. Yanzu ga wani dabbare da injinsa ya bari daidai saitin idona, da dare fitilar mota mai zuwa sai ta watsu, ba na ganin komai. Dole sabon gilashi, bayan dubu 45 ɗina.

"Taɓa ka ji." Wallahi har yanzu maganar nan tana min yawo a kai.

Na kira, a kashe. A WhatsApp ya toshe ni. Hotunan hirarmu da shaidar tura kuɗin duk suna nan, zan ɗora su anjima in na huce.

Kada ku ba kowa kafin alƙalami, kuma a wanke gilashin da omo a gabanku kafin ku biya. Ni dai Allah ya isa, ban yafe ko kwabo ba.