Gurara ko Millennium Park: ina ya fi dacewa da hoton kafin biki?

Wata 'yar'uwa a zauren nan ta kawo tambaya. An sa ranar bikinta a watan Janairu, tana zaune a Abuja, kuma ita da angon suna son su ɗauki hoton kafin biki a fili cikin watan Nuwamba, don a samu na katin gayyata da kalanda da littattafan rabo. Kayanta leshi ne da ɗaurin ashoke, sai laffaya ta canji. Shi kuma babbar riga ce ta farar shadda. Ƙawaye sun rabu biyu, wasu na cewa Gurara, inda ruwa ke zubowa daga kan duwatsu, wasu Millennium Park, lambun shaƙatawa. To amarya, Allah ya sanya alheri, ga yadda mu masu sana'ar ɗaukar hoto muke auna wuraren biyu.

A hoton fili, haske ne sarki, wuri kuwa bafade ne. Shi ya sa tambayar farko da za ki yi wa kanki ita ce, da ƙarfe nawa za ki iya tsayawa a gaban kamara kina shirye tsaf? A Nuwamba rana tana fitowa a Abuja wajen shida da minti ashirin zuwa da rabi, tana faɗuwa jim kaɗan bayan shida na yamma. Mu da muke kusa da tsakiyar duniya ranarmu ba ta jan ƙafa, da ta karkata sai ta zube. Hasken nan mai laushi, ruwan zinare, wanda yake sa fata ta yi kyau ba tare da gyara ba, bai cika wuce minti arba'in zuwa awa ɗaya ba. Daga goma na safe zuwa uku na yamma kuwa rana tana bisa kai, tana sa duhu a ramin ido da ƙarƙashin hanci, tana sa mutum ya riƙa kanne ido.

A nan Millennium Park ya yi wa Gurara fintinkau. Yana Maitama, cikin gari, don haka kina iya fara kwalliya da ƙarfe ɗaya da rabi bayan Azahar, ki riƙe alwalarki tun kafin a shafa komai, ki yi La'asar da zarar lokaci ya shiga, huɗu da kwata kuna bakin ƙofa. Za a fara da wuraren inuwar bishiyoyi tun rana na da zafi, biyar da kwata a fito fili a ci moriyar hasken yamma, shida saura kaɗan a naɗe kaya kafin Magariba. Gurara kuwa tana jihar Neja, a kan hanyar Suleja zuwa Minna, tafiyar awa ɗaya da rabi zuwa biyu gwargwadon cunkoson Zuba da Madalla da manyan motocin da ke bin hanyar. Hasken yamma ba naku ba ne a can, domin jiransa na nufin dawowa cikin dare, kuma babu hoton da ya kai a bi wannan hanya da amarya bayan duhu. Abin da ya rage shi ne safiya: a tashi bayan Asuba, a isa wajen takwas, a gama kafin goma da rabi. Matsalar ita ce kwalliyar amarya da ɗaurin ashoke suna cin awa ɗaya da rabi. Ko dai mai kwalliya ta kwana a gidanku a fara da huɗu na dare, ko a tafi da ita ta yi aikin a cikin mota, kuma duk minti ɗayan da ta ci, daga hasken safiya ta ci shi. Yawancin hotunan Gurara da suka lalace, makara ce ta lalata su: an ce takwas, ba a fara ba sai sha ɗaya.

Amma a faɗi gaskiya, abin da Gurara take ba hoto babu lambun da zai ba shi. Ruwa ne da yake zubowa daga tsayin kimanin mita 30, a kan duwatsu baƙaƙe, kuma a tsakiyar damina faɗinsa yakan kai kusan mita 200. Sai dai wata uku na canza fuskarsa gaba ɗaya. Daga Agusta zuwa farkon Oktoba ruwan yana cika yana batsewa, launinsa ja-ja ne na laka, ƙararsa kan hana ango jin abin da mai hoto yake faɗa daga taku goma, kuma feshinsa yana kaiwa nesa. Daga Janairu zuwa Maris ya ja baya, ya yi garai-garai, duwatsu sun bayyana, amma ciyawa ta bushe. Nuwamban da kika zaɓa yana tsakiya: akwai sauran ruwa mai ƙarfi, ya fara washewa, ganye bai gama bushewa ba. In Gurara ce, to makonni biyun farko na watan, kafin hazo ya sauko.

Hazon nan ya shafi wuraren biyu, amma ba daidai ba. Idan ƙurar hunturu ta tare sama, hasken kan yi laushi, wanda yake taimakon fuska, sai dai sama ta zama fari fat kamar takarda, kuma duk abin da ke nesa ya dushe. A Millennium Park asarar kaɗan ce: dutsen Aso da ake son ya fito a bayanku zai yi dishi-dishi, sai mai hoto ya sauke kamara ya cika bayan da bishiyoyi. A Gurara kuwa faɗin wurin aka je nema, idan ya dushe an yi tafiyar banza. Hunturu kuma yana busar da leɓe yana tsattsaga hoda, don haka a riƙe man leɓe, a shafa mai sosai kafin kwalliya.

Sai maganar kaya, kuma a nan ne muke so ki tsaya ki yi tunani da kyau. Daga inda ake ajiye mota a Gurara sai an gangara kafin a kai gindin ruwa, a kan duwatsun da feshi ya jiƙa, wasu da gansakuka. Leshi mai duwatsu yana da nauyi, ɗinkin amare kuma yakan matse daga gwiwa, ƙafa ba ta buɗewa. Ki haɗa wannan da takalmi mai tsini, kin san abin da zai biyo baya. Feshin ruwa yana kashe ƙarfin ashoke, ɗaurin da ya tsaya cak da safe sai ya langaɓe cikin minti ashirin. Farar shaddar ango kuwa gindinta zai kwashi jar laka, kuma shadda in ta jiƙe ƙyallinta ya tafi, sai an mayar wa masu bugu. Laffaya ta fi dacewa da wurin nesa ba kusa ba: ba ta da nauyi, iska tana ɗaga gefenta ta ba hoton rai, kuma launi mai ƙarfi kamar ja, ruwan goro ko ruwan ƙwai yana fita sosai a gaban baƙin dutse da farin ruwa. Kore da ruwan toka ɓacewa suke yi a can. Shi kuma ango ya sa kaftani mai duhu, ya bar babbar riga a gida. Takalmi mai shimfiɗaɗɗen ƙasa na roba za a gangara da shi, kuma kada kowa ya hau dutsen da ke tsakiyar ruwa don mai hoto ya ce zai yi kyau. Ƙarfin ruwan ya fi yadda ido ke gani.

A Millennium Park kayan nan naku duka za su yi aiki. Sarauniyar Ingila Elizabeth ta biyu ce ta buɗe shi a Disambar 2003, faɗinsa kimanin hekta 32, kuma wani ɗan rafi ya raba shi biyu: ɓangare ɗaya an tsara shi da miƙaƙƙiyar hanya da wuraren feshin ruwa, ɗayan an bar shi da bishiyoyi da ciyayi kamar daji. Wato cikin tafiyar minti biyar kuna da baya iri biyu ko uku. Leshi da babbar riga su tafi ɓangaren da aka tsara, laffaya ta tafi cikin bishiyoyi. Aibinsa mutane ne. Asabar da Lahadi da yamma ya cika da iyalai da 'yan makaranta, kowane hoto sai an goge mutum uku a bayansa, ga idon jama'a da yake sa amarya ta kasa sakin fuska. Ku je Talata ko Laraba. Kada kuma a gina tsari a kan feshin ruwan, domin ba kullum ake kunna shi ba. Tsinin takalmi yana nutsewa a ciyawa, sai a riƙe ɗan falankin katako ko kwali mai kauri a sa ƙarƙashin ƙafa, doguwar riga za ta rufe shi.

Farar shaddar nan tana buƙatar magana ta musamman, don ita ce ke tona asirin mai hoton da bai ƙware ba. Kamara ba ta iya ɗaukar fari mai ƙyalli da baƙar fata lokaci guda yadda ido yake yi. In aka auna haske a kan fuska, rigar ta ƙone ta zama fari zalla, aikin da aka biya maɗinki dominsa ya ɓace. In aka auna a kan rigar, fuska ta yi duhu. Maganinsa shi ne a juya wa rana baya, a auna haske yadda zaren aikin rigar zai fito, sannan a ƙara wa fuska haske da faifan mayar da haske ko fitilar kamara mai laima. Wannan yana nufin mai hoto ya zo da yaro mai riƙe masa. Ki tambaye shi tun yanzu, kuma ki ce ya nuna miki hoton da ya taɓa ɗauka a fili na mai fararen kaya. A Gurara matsalar ninki biyu ce, don farin ruwan ma ƙonewa yake yi, ga feshi da ke sauka a kan madubin kamara yana sa hoto ya yi hazo-hazo, sai ana gogewa bayan kowane ɗauka biyu ko uku. Hoton nan da ruwa yake zama kamar auduga ana yin sa ne da kamara a kan sanda mai ƙafa uku, a rage saurinta zuwa kusan kwatan daƙiƙa, ku kuma ku tsaya kamar an dasa ku. Ana yin goma kafin a sami ɗaya. Madubi mai lamba 35 ne yake kwaso faɗin wurin, mai lamba 85 kuma shi ne na fuska, wanda yake narkar da baya. A lambu da na biyun kaɗai ma an gama aiki.

Wajen kuɗi ba sai an daɗe ba. Gurara tana cin yinin mai hoto da na mai kwalliya gaba ɗaya, ga mai na mota biyu, ga kuɗin shiga, ga abinci da ruwa. Lambu awa biyu ne. A duka biyun, masu kula da wuri suna bambanta mai ɗauka da waya da wanda ya zo da babbar kamara da fitilu, don haka mai hoto ya je ko ya kira tun kafin ranar a sasanta, kada a tsaya ciniki a ƙofa rana tana faɗuwa. Ɗan jirgin ɗaukar hoto kuwa a manta da shi a Millennium Park. Wurin yana maƙwabtaka da fadar shugaban ƙasa da majalisa, kuma tashinsa a Najeriya yana buƙatar izinin hukumar kula da sufurin jiragen sama da na ofishin mai ba da shawara kan tsaro.

Akwai abin da ya fi duk wannan nauyi a wajenmu. Sa rana ba ɗaurin aure ba ne. Ku nemi yardar iyaye kafin a fita, a tafi da yayarki ko ƙaninki ko gwaggo, kuma wannan ya fi sauƙi a fitar awa biyu cikin gari fiye da tafiyar yini zuwa wata jiha, wadda iyaye da yawa ba za su amince da ita ba, kuma suna da gaskiya. Mai hoton da ya san aikinsa ba ya buƙatar ku taɓa juna: tafiya a jere da 'yar tazara a tsakani, shi yana gaba kaɗan ya waiwayo, ke a zaune a benci shi a tsaye daga gefe, ko kina kallon lallenki shi yana nesa a dushe. Lallen a yi shi kwana ɗaya ko biyu kafin ranar don ya kama. Sannan a rubuta yarjejeniya ko da a saƙon waya ne: hotuna nawa za a gyara, yaushe za a kawo, kada a canza launin fata, kuma ba zai sa ko ɗaya a Instagram ko TikTok ba sai da izininku. Hoton da ya fita ba ya dawowa. In za a turo, a turo ta WhatsApp a matsayin fayil, don turawa ta hanyar da aka saba tana matse hoto, in ya je wajen masu buga kalanda sai ya farfashe.

Da leshi, da ashoke, da farar babbar riga, da kuma bukatar a kai hoto wajen masu bugawa kafin Disamba ya tsaya, Millennium Park muke ba ki shawara, ranar aiki, huɗu da kwata na yamma, a farkon Nuwamba. In zuciyarki na kan Gurara, ki ajiye ta zuwa bayan ɗaurin aure, ki tafi da laffaya da takalmin roba, ku isa da takwas na safe, a hanyar dawowa ku tsaya a Madalla ku ɗauki biyu ko uku da dutsen Zuma a bayanku.