Wane zama ya dace da mai son rabuwa da giya?

A garuruwanmu mashayi ya fi jin tsoron idon maƙwabci fiye da ciwon hanta. Tun da jihohi irin su Zamfara da Kano suka fara aiki da shari'a a 2000, shan giya ya ƙara komawa bayan labule, neman magani ma ya bi shi can. Don haka tambayar farko ga duk wani zaman taimakon juna ita ce: za a rufa maka asiri?

Kafin zaɓen zama, duba jikinka. In kana tashi da safe hannu na karkarwa, gumi na zuba, sai ka kurɓa kafin ka dawo daidai, to kada ka yanke sha lokaci guda a ɗaki. Jijjiga na iya zuwa cikin kwana biyu, ruɗewa da gane-gane kuma daga kwana na biyu zuwa na uku, kuma suna kisa. Wannan aikin likita ne. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Kware, da Maiduguri, ga na Dawanau a Kano. Ma'aikatan nan ne kuma suka fi sanin inda waɗanda aka sallama suke haɗuwa, tunda irin wannan zama ba a yi masa shela.

Mafi daɗewa shi ne Alcoholics Anonymous, wato AA, wanda mashaya biyu suka fara a garin Akron na Amurka a 1935. Sharaɗin shiga ɗaya ne, son daina sha. Ba rajista, ba kuɗin shiga. Kwando ake zagayawa da shi, mai hali ya saka. Sunan farko kawai ake faɗa, a yi kamar awa guda kowa yana ba da labarinsa, wanda bai so magana ba ya yi shiru abinsa. Ana bin matakai 12, sannan sabon shiga yakan zaɓi wani da ya daɗe da dainawa ya riƙe masa hannu, wanda zai iya kira ko da tsakar dare in sha'awa ta taso. A ganina wannan mutum ɗaya ya fi duk sauran tsarin daraja. Wani babban nazari na Cochrane, ƙungiyar masana da ke tace binciken lafiya, a 2020, da ya haɗa bincike 27 kan mutane fiye da 10,000, ya nuna wannan hanya tana kai mutane ga daina sha gaba ɗaya daidai da sauran hanyoyin ba da shawara, wani lokaci ma fiye.

Inda gizo ke saƙar, a Najeriya an fi samun zamansu a Legas da Abuja, kuma da Turanci. Sau da yawa ɗakin coci suke haya, wasu su rufe da addu'ar Kirista, ko da yake ƙungiyar ta ce ba ta bin wata ɗariƙa. Musulmin da hakan ya tsaya wa a rai yana iya duba Millati Islami, wadda aka kafa a Baltimore a 1989. Matakan nan 12 ne aka sake ginawa kan tauhidi da tuba. Sai dai daga nan ta waya kawai za ka same su.

SMART Recovery, ta 1994, ba ruwanta da batun addini. Dabaru take koyarwa: yadda za ka jure sha'awa har ta wuce, yadda za ka gane tunanin da ke kai ka Sabon Gari bayan an biya albashi. Ta dace da wanda ba ya son kiran kansa mashayi a gaban mutane.

Dukansu suna zama ta Zoom, kuma ga mutumin Gusau ko Maraɗi wannan ne ya fi kusa. Kana iya rufe kyamara, ka sa sunan da ka ga dama. Ga mace, wadda abin kunyar ya fi yi wa nauyi, akwai zaman mata zalla. Kuɗin data ne kawai naka. Raunin shi ne da ka kashe waya ka koma kai kaɗai, majalisar da kuke sha kuma tana nan bakin layi.

Malamin unguwa ko fasto mai riƙon amana yana da amfani, amma nasiha daban, zama da wanda ya taɓa ɓoye kwalba a bayan buhun masara daban. A haɗa biyun in an samu. Gidan mari kuwa ba ya cikin lissafi. A Satumba 2019 'yan sanda sun fito da mutane fiye da 300 daga wani gida a Rigasa, da yawa da sarƙa a ƙafa. Duk inda za a kulle ƙofa, ko a nemi kuɗi masu yawa da alkawarin warkewa cikin sati biyu, juya.

Ka je zama uku ko huɗu kafin ka yanke hukunci, domin zama ɗaya yakan faɗo ranar da mai surutu ya cinye lokacin. Ka lura ko ana ɗaukar hoto, ko ana ambaton waɗanda ba su zo ba, ko wani na cewa ka bar maganin da likita ya rubuta maka. Matarka ko mahaifiyarka ma akwai nasu zaman, Al-Anon, tun 1951, kuma suna iya shiga ko kai ba ka fara zuwa ko'ina ba.