Wata shida ina aiki da OPM Flow

Aikina shi ne hasashen yadda ɗanyen mai da ruwa da iskar gas ke tafiya tare cikin ƙofofin dutse, can ƙarƙashin ƙasa inda ido ba ya kaiwa. Wata shida ke nan ina yin sa da manhajar OPM Flow, kuma ta shiga raina.

Abin da ya fara jawo ni shi ne tana karanta fayilolin da aka tsara wa ECLIPSE, wata manhajar kuɗi da aka saba irin wannan aiki da ita, don haka ban sake rubuta bayanan rijiyoyina daga tushe ba. Na fara gwada ta da samfurin filin mai na Norne da ke tekun Norway, wanda aka saki ga kowa, mai ƙananan akwatunan lissafi kimanin 44,000. Ta kammala ba gardama.

Duk wanda ya yi wannan sana'a ya san inda gizo ke saƙar: lokacin da matsi ya faɗi har gas ya fara fita daga cikin mai, ko ruwan da ake turawa ya ɓullo a rijiyar da ake zuƙo mai. Nan lissafi ke cijewa. Wani dare ina zaune ina kallon matakin lokaci, wato tsawon lokacin da manhajar ke lissafawa a taku ɗaya, yana ta raguwa, daga kwana 10 zuwa kwana 1, zuwa 'yan sa'o'i. Da rufaffiyar manhaja ce, sai dai in yi ta sauya lambobi a makance. Ita kuwa OPM Flow tushenta a buɗe yake, kowa na iya karanta yadda aka rubuta ta. Na bi rahotonta layi-layi, na leƙa yadda take yanke hukuncin rage mataki, sai na gano teburin da na shigar na yadda ruwa da mai ke raba hanya yana da lanƙwasa mai kaifi da ke hana zagayen Newton, wato maimaita lissafi har a kai ga amsa, daidaita. Da na gyara shi, aikin sa'a 9 ya koma ƙasa da 2.

Saurinta ma da dalili. Matsi yana yaɗuwa ko'ina kusan nan take, ruwa kuwa rarrafe yake yi, shi ya sa dabarar hanzarta lissafi da ake kira CPR ke ware lissafin matsi ta fara warware shi daban.

Sai dai mai zuwa ya zo da shiri: a Linux take zaune, da rubuta umarni ake tafiyar da ita, kallon sakamako kuma sai da wata manhaja daban, kamar ResInsight. Mako mai zuwa zan ɗora mata SPE10, wani samfurin gwajin irin waɗannan manhajoji na shekarar 2001, mai akwatuna 1,122,000.