Layi ɗaya a fuskar Vectrex: laifin fanel ɗin lissafi ne ko na fanel ɗin wuta?

Ɗan'uwanmu ya kawo tambaya a kan tsohuwar na'urarsa ta wasa, Vectrex. Ya ce idan ya kunna ta yana jin kiɗan buɗewa da ƙarar wasan Mine Storm yadda ya kamata, amma maimakon hoto sai layi ɗaya mai haske ya fito a kwance a tsakiyar gilashi. Wani ya ba shi shawarar ya sauya LM379, wato amfilifayar da ke ƙara wa siginar hoto ƙarfi, wani kuma ya ce ya sauya dukkan kafasitocin, wato ƙananan kayan da ke ajiye wuta, shi ne yake son ya san wanne zai fara yi. Malam, amsata ita ce kada ka fara da ko ɗaya daga cikinsu, domin akwai wurare biyu da irin wannan layi yake fitowa, kuma ana iya raba su tun kafin a sayi komai.

Da farko dai ka rage haske da maɓallin da ke bayan na'urar, kuma kada ka bar ta a kunne fiye da daƙiƙoƙin da kake bukata don gwaji. Hasken da ya kamata ya watsu a duk fuskar gilashin ya taru a layi guda, kuma idan ya daɗe a nan zai ƙona hodar da ke cikin gilashin ya bar tabon da ba ya gyaruwa. Kwalbar nan mai nuna hoto, mai inci 9, ba a ƙera sabuwarta, don haka ta fi duk wani abin da ke cikin akwatin daraja.

Vectrex, wadda kamfanin GCE na Amurka ya fitar a 1982 kafin Milton Bradley ya saye shi a 1983, ba ta zana hoto irin na talabijin, inda haske ke share fuska layi bayan layi daga sama zuwa ƙasa. Ita tana jan tsinken hasken ne kai tsaye daga wannan wuri zuwa wancan, kamar mai zane da alƙalami, kuma tana maimaita zanen sau 50 a daƙiƙa. Aikin ya rabu tsakanin fanel biyu, wato allunan da aka jera kayan lantarki a kansu. Fanel ɗin lissafi, wanda ke kwance a ƙasa, shi ne ke yanke inda haske zai je, ya fitar da ƙananan sigina uku: X na hagu da dama, Y na sama da ƙasa, Z na ƙarfin haske. Fanel ɗin wuta kuwa shi ne ke karɓar X da Y ya ƙara musu ƙarfi ta cikin LM379, ya tura su cikin naɗin wayar da ke wuyan kwalba, wanda masu gyaran talabijin ke kira yok, maganaɗisun naɗin kuma ya karkatar da hasken. Layi a kwance yana nufin motsin sama da ƙasa ne ya mutu, wato Y. Abin da ba mu sani ba tukuna shi ne ko siginar ce ba a haifa ba, ko kuwa an haife ta ta mutu a hanya.

A ɓangaren lissafi akwai wani abu a tsarin na'urar da ya sa zargi ya fi ƙarfi idan Y ce kaɗai ta faɗi. Mai juya lamba zuwa wuta guda ɗaya ne tak a cikinta, MC1408, kuma shi ke yi wa kowa aiki. Siginar X tana fita daga gare shi ta wuce kai tsaye, amma Y sai ta bi ta cikin 4052, wanda yake kamar mai raba hanya, a ajiye ta a ƙaramar kafasita ta jira, sannan ta shiga da'irar da ke mayar da ita motsi mai tafiya a hankali. Ke nan Y tana da tashoshin da X ba ta da su, kuma kowace tasha tana iya lalacewa. Shi wannan 4052 ɗin ne kuma ke raba siginar ƙarfin haske, ta cikinsa ake karanta sandar sarrafa wasa, saboda haka idan ka tuna cewa kafin hoton ya rushe sandar ta fara ƙin jin magana, ko ƙarfin haske ya riƙa ƙaruwa yana raguwa ba dalili, to ka sami shaida mai kyau. MC1408 kansa ba na zarginsa sosai a nan, domin da shi ne ya mutu da X ma ta tafi. Laifin wannan ɓangare yawanci a tsaye yake: yadda ka gan shi da safe haka za ka gan shi da yamma, ba ruwansa da zafi ko girgiza.

Laifin ɓangaren wuta halinsa daban ne. Nan ne ake zafi, nan ne wayoyi masu kauri suke, kuma dalmar da ta shekara sama da 40 tana dumama tana hucewa takan tsage. Irin wannan laifi yakan zo ya tafi: hoto ya fito daidai na ɗan lokaci sannan ya rushe, ko ya dawo idan an ɗan bugi gefen akwatin. Idan ka ɗauki madubin ƙara girma ka duba ƙafafun soket ɗin da wayoyin yok ke shiga, abin da kake nema shi ne wani siririn zobe mai duhu da ya kewaye ƙafar, kamar gashi ɗaya da aka naɗe a gindinta. Da ido kawai dalmar takan yi kamar lafiyayya, sai ka taɓa wayar ta baya ka ga ƙafar tana motsi ita kaɗai. LM379 kuwa amfilifaya biyu ce a jiki ɗaya, wadda asali don sauti aka yi ta, rabi na X rabi na Y, don haka rabi ɗaya yana iya mutuwa ɗayan ya ci gaba da aiki, kuma hakan zai ba da layin nan da kake gani. Amma ta daɗe da daina fitowa daga masana'anta, a kasuwa akwai jabunta, kuma cire ta daga ƙarfen da ke sanyaya ta aiki ne da ke iya ɗaga layukan tagulla na fanel. Abin da ya sa ban so ka fara da ita ke nan.

Gwajin da ke raba gardama yana a kan iyakar fanel biyun. Wayoyi masu rufin kariya ne ke ɗaukar X da Y da Z daga ƙasa zuwa fanel ɗin wuta. Ka zare na'urar daga wuta, ka yi wa kowace waya alama don kada ka rikita su da ta Z, ka musanya X da Y, sannan ka kunna na ɗan lokaci da haske a rage. Idan layin ya miƙe tsaye, ma'anarsa lafiyayyar siginar X ta shiga rabin Y na amfilifaya kuma ya ɗauke ta, wato LM379 da yok ba su da laifi, matsalar tana fanel ɗin lissafi. Idan kuwa layin ya ci gaba da kwanciya, to siginar Y tana nan da ranta tunda ga ta tana motsa haske ta hanyar X, laifin yana fanel ɗin wuta ko a yok. Wanda yake da osiloskop, na'urar da ke nuna siffar sigina, zai ga wannan ba tare da musanya komai ba, ta hanyar kwatanta siginar wayoyin biyu.

Daga nan hanya ta rabu. Idan lissafi ne, ka auna wutar bolt +5 da −5 da kuma −13 da MC1408 ke bukata, sannan ka bi Y daga 4052 zuwa gaba. Waɗannan ƙananan kayan suna da araha kuma har yanzu ana samun yawancinsu. Idan wuta ne, ka fara da sabunta dalmar soket-soket, ka auna naɗin yok biyu da mita bayan ka cire su, inda kowanne ya kamata ya nuna ƙaramar lamba, wanda kuwa ya nuna a buɗe, wato wuta ba ta ratsa shi, to ya tsinke. Ka tabbatar wutar +9 da −9 suna isa ƙafafun LM379, ka duba ƙananan kayan da ke kewaye da rabin Y ta hanyar kwatanta su da takwarorinsu na X, sai bayan duk wannan ka taɓa ita kanta.

Shawarar sauya kafasitoci ba banza ba ce, sai dai ba maganin wannan ciwon ba ce da farko. Kafasitocin da suka bushe sun fi jawo hoto mai rawa, ko ƙanƙancewa, ko layukan da ba sa haɗuwa a kusurwa, kuma idan ka sauya su duka alhali na'urar ba ta da hoto, ba za ka iya bambance tsohon laifi da wanda hannunka ya ƙara ba. Ka dawo da hoton tukuna. Ƙugin da ke fita daga lasifika yana canzawa tare da zane kuwa halin Vectrex ne tun daga masana'anta, kada ya ɗauke maka hankali.

A cikin kwalbar akwai wuta ta dubban bolt wadda ke iya zama bayan an kashe, kuma wuyanta siriri ne mai saurin fashewa. Idan ba ka taɓa sauke wutar kwalbar talabijin ba, ka yi aikin tare da tsohon mai gyaran talabijin, domin yok da dalma sana'arsa ce. Ka kuma karanta takardar da ke bayan akwatin kafin ka sake kunnawa: wadda aka yi wa kasuwar Amurka bolt 120 take ci, kuma ba za ta jure wutar gidajenmu ba sai da transifoma mai rage ƙarfi.