Hedifon daban, sifika daban: saitin Realtek, ɗan USB, ko Bluetooth?

Wa alaikumus salam, Malam. Tun bayan la'asar na ga tambayarka, sai yanzu na samu zama. Bari in maimaita ta saboda saƙonni sun binne ta. Malam yana da shagon buga takardu a Mabera, yana da kwamfutar tebur da kuma laftof. So yake karatun Alƙur'ani ya riƙa fita ta sifikar shago, shi kuma yana sanye da hedifon yana sauraron muryar da aka kawo masa ya mayar rubutu, ko darasin da yake bi ta Zoom. Amma da zarar ya soka hedifon sai sifika ta yi gum. Mutum uku sun ba shi shawara uku: wani ya ce saiti ne kawai, wani ya ce ya sayi ɗan katin sauti na USB, wani ya ce ya koma Bluetooth ya huta. To wanne?

Duk ukun ba wanda ya yi ƙarya, kowa dai da injin da yake magana a kai. Abin da zai raba gardamar shi ne, Windows ba ramukan jikin kwamfuta take ƙirgawa ba, na'urorin sauti take ƙirgawa. Kana iya ganin rami biyu da idonka, ɗaya gaba ɗaya baya, ita kuwa a wurinta abu ɗaya ne mai baki biyu. Muddin ɗaya take gani, duk dabararka sauti ɗaya za ta ba ka. Saboda haka kafin ka fitar da ko kwabo, soka hedifon ɗin, ka danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta mmsys.cpl, ka duba shafin Playback. In ka ga Speakers da Headphones kowa da layinsa, an yi maka rabin aikin. In layi ɗaya ne, sai mu zo ga shawarwarin nan uku.

Shirun da sifika ke yi ba lalacewa ba ne, haka aka tsara. A cikin ramin nan mai faɗin milimita 3.5 akwai ɗan makunni da kan hedifon ke turawa idan ya shiga. Tun da Intel ta fito da tsarin HD Audio a 2004, wanda ya gaji AC'97 na 1997, wannan makunnin yana kai wa direban sauti, wato manhajar da ke sarrafa na'urar sautin, labari cewa an soka wani abu, shi kuma direban ya kashe na baya, a zatonsa ba ka son kowa ya ji. Ladabi ne ya yi maka, sai dai ba shi kake nema ba.

Kafin in ci gaba, akwai shawara ta huɗu da na san wani zai kawo, wato wayar nan mai reshe biyu da ake sayarwa a kan tebur a babbar kasuwa. Kada ka saya don wannan aikin. Ruwa ɗaya take rabawa bututu biyu: abin da kunnenka ya ji, shi mai jiran fotokofi zai ji.

Mu fara da saiti, tunda shi ne na kyauta. Wannan maganar kwamfutar tebur ce, mai koren rami a baya da wani ramin a gaba. Yawancinsu ƙwayar sauti ta Realtek ce a ciki, kuma ƙwayar tana iya fitar da sauti biyu mabambanta a lokaci guda, direba ne ya ɗaure su wuri ɗaya. Buɗe Realtek HD Audio Manager, ko Realtek Audio Console idan injin sabo ne, ka nemi Device advanced settings. Za ka ga zaɓi biyu. Na farko shi ne wanda ke kashe na baya idan an soka na gaba, shi ne kake kai yanzu. Na biyu jimla ce doguwa da ta fara da "Make front and rear output devices playback two different audio streams". Ita za ka zaɓa. Koma mmsys.cpl, za ka tarar layi ya zama biyu, na biyun sau da yawa da sunan 2nd output. Sifika a koren baya, hedifon a gaba, ba ka kashe sisi ba, ba jinkiri, ba caji, kuma sau da yawa sautin ya fi na ƙananan katunan USB masu arha tsabta.

Sai dai fa hanyar tana da sharaɗi, kuma a nan mutane ke ɓata yini guda. Kwamfutocin da muke amfani da su a shaguna yawanci an sha yi musu sabon Windows, kuma mai yin sau da yawa ba ya komawa ya ɗora direban Realtek, yana jin sauti ya fito shi ke nan. Windows ta ɗora nata direban na kowa da kowa, wanda zai nuna maka High Definition Audio Device, babu manhajar Realtek balle wancan zaɓin. Maganinsa ka duba lambar samfurin kwamfutar, ka sauke direban daga shafin kamfanin da ya ƙera ta. Wasu kamfanonin kuma sun canza wa manhajar fuska sun cire zaɓin gaba ɗaya. Idan ka yi neman duniya ba ka gan shi ba, kada ka ce kai ne ba ka iya ba.

Akwai kuma ramin gaban kansa. Wata siririyar waya ce ta haɗa shi da babban allon ciki, kuma na buɗe injuna da dama na tarar ba a ma soka ta ba. Ga ƙurar hunturu ta garin nan. Rami ya cika da ƙura sai ka ga hedifon yana bayyana yana ɓacewa a kan allo kamar ana wasa da shi. Kashe injin, ka hure ramin, ka soka ka zare sau biyar ko shida, sannan ka yanke masa hukunci.

A laftof kuwa labarin ya sha bamban. Yawanci rami ɗaya ne tal, shi ne na hedifon shi ne na makirufo, kuma a yawancinsu sifikar ciki da wannan ramin na'ura ɗaya ce a idon Windows. Ko da a dace naka ya nuna su daban, me sifikar laftof za ta yi a shagon da janareta ke ruri a bakin ƙofa? Kai sifikar waje kake so, ita ma ramin take nema, hedifon ma shi yake nema. Nan ne wanda ya ce ka sayi katin USB ya fi kowa gaskiya.

Ɗan abu ne kamar filashi, da rami biyu a gindinsa, kore na fita, mai ruwan hoda na makirufo. Katin sauti ne cikakke mai zaman kansa, shi ya sa Windows ba ta da yadda za ta yi ta haɗa shi da na ciki. Ka soka, ka ɗan jira, sabon layi ya bayyana da suna irin USB Audio Device. Ba faifai, ba sauke komai. Yana aiki a laftof, yana aiki a ta tebur, har wadda ramin gabanta ya mutu. Kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Aibinsa biyu ne da na sani. Masu arhar suna da wani siririn tsaki, sssss, wanda ba za ka ji ba sai an yi shiru, kuma amfilifaya tana ƙara masa ƙarfi. Don haka tafi da hedifonka wurin saye, a soka a gabanka, ka saurara ba tare da an kunna komai ba. Na biyu, ka zaɓar masa ramin USB ɗaya ya zauna. In ka mayar da shi wani ramin, Windows kan ɗauke shi baƙo, ta sa masa lamba 2 a gaban suna, saitin da ka yi jiya ya tafi.

Af, in ka haɗa laftof da amfilifaya ka ji wani gurnani mai kauri, zare caja ka saurara. In ya ɗauke, ba katin ba ne, wutar ce da cajar.

Bluetooth ba zan daɗe a kansa ba. Gaskiya ne shi ma na'ura ce daban, ya haɗu ka samu layi na biyu, kuma za ka iya tashi ka miƙa wa mutum takardarsa ba waya ta fizgo ka ba. Amma sautinsa yana zuwa a makare, wani lokaci har kusan kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa. Ga mai sauraron karatu wannan ba komai ba ne. Ga mai mayar da murya rubutu, da yake tsayarwa yana komawa baya sau ɗari a awa, ko mai gyaran bidiyon biki da ke son baki ya dace da magana, abin yana cin rai. Sannan da ka buɗe makirufonsa a Zoom, sai ya sauka zuwa yanayin kiran waya, murya ta koma kamar daga cikin tulu. Ga caji, a ranar da aka wuni ba wuta. In dai dole sai Bluetooth, gara ka ba sifikar shago shi, tunda karatu bai damu da jinkiri ba, hedifon ya zauna a waya.

Duba kuma ko allon kwamfutarka da wayar HDMI, mai ɗaukar hoto da sauti tare, aka haɗa shi. In haka ne, shi ma yana cikin jerin a matsayin na'ura, kuma wasu allunan suna da ramin hedifon a bayansu. Mai yiwuwa abin da za ka je saye yana kan teburinka tuntuni.

To, an samu layi biyu. Saura gaya wa kowace manhaja inda za ta bi, kuma wannan ɗaya ne ko ta wace hanya ka zo. A Windows 10, tun sabuntawar Afrilun 2018, shiga Settings, System, Sound, ka gangara ƙasa zuwa App volume and device preferences. A Windows 11 wurin ɗaya ne, sunan ne ya koma Volume mixer. Kowace manhaja da ɗan akwatin Output a gabanta. Manhaja ba ta fitowa a jerin sai tana buɗe, wata ma sai ta fara ƙara, kuma wata sai ka rufe ta ka sake buɗewa kafin ta bi sabon umarni. Burauza kuma ana ɗaukarta dunƙule: ba za ka aika shafi ɗaya na Chrome sifika, ɗaya hedifon ba. Buɗe karatun a Edge, aikinka a Chrome. VLC, manhajar kunna sauti da bidiyo, da Zoom ma ba sa buƙatar wannan zagayen, kowanne yana da wurin zaɓen na'ura a cikinsa, na VLC yana ƙarƙashin Audio, Audio Device.

Ga wurin da nake so ka fi riƙewa, don ni na ji a jikina. Wace na'ura za ka bar wa matsayin Default, wato inda duk sautin da ba a ba shi hanya ba zai faɗa? Kowa sifika yake bar wa. Ni ma haka na yi a wata walimar sauka a Runjin Sambo, an ba ni riƙon na'ura. Laftof a kan benci, amfilifaya a katin USB, hedifon a kunnena, ina ta jin daɗi na raba su. Ana tsakiyar jawabin wani dattijo na ga saƙon murya daga gida, na ce bari in ji a kunne. Na danna. Sai ga muryar uwargida ta lasifikar kan sanda, tana cika unguwa: in zan dawo in biyo da albasa da attaruhu, kuma kada in sake sayo irin na jiya. Dattijon ya dakata, ya waiwayo, ya ce, "To ɗana, ka dai ji." Laifina ne, VLC kaɗai na mayar kunne na bar duk sauran a waje. Daga ranar na juya tsarin: hedifon ne Default, sifika kuwa ba abin da ke zuwa gare ta sai manhaja ɗaya da na zaɓa da hannuna. A shago ma haka ya kamata, don muryoyin da ake kawo maka ka rubuta amanar mutane ce. Ka kuma lura, Windows takan mayar da sabon abin da aka soka ya zama Default da kanta, saboda haka duk safiyar da ka soka katin ka leƙa ka tabbatar.

A cikin mmsys.cpl ɗin nan akwai shafin Communications. Yadda yake zuwa, da an fara kira sai ya rage sauran sautuka da kashi 80 cikin ɗari. In ka ga karatun shago ya yi ƙasa duk lokacin da ka shiga kira, can za ka je ka zaɓi Do nothing.

Wani zai ce VoiceMeeter. Manhaja ce mai kyau ga mai haɗa sautuka, amma ba ta ƙirƙiro na'urar da babu, sai an riga an samu biyun. Kai ba ka buƙatarta.

Saboda haka, Malam, a ta tebur fara da saitin Realtek, ka ba shi rabin awa. In zaɓin bai fito ba bayan ka ɗora direban kamfanin, kada ka ƙara minti ɗaya, sayi katin USB. A laftof kuwa kai tsaye katin USB, sifika a jikinsa, hedifon a ramin laftof, ta yadda ko yaro ya fizge hedifon, sautin zai koma ƙaramar sifikar ciki, ba ta shago ba. Ɗauko hoton bayan kwamfutar da na shafin Playback ka turo nan, in ga layi nawa take nuna maka.