Rumfar Kwano ko Tamfol: Wajen Ajiye Tirelar Tafiya

Tirelar kwana da ake ɗaurawa a bayan mota, irin wadda mutum zai ja daga Bauchi zuwa Yankari lokacin hutu, ta fi daɗewa a ajiye fiye da a kan hanya, saboda haka yadda aka rufe ta yana cikin manyan matakan kula da ita.

Tamfol ya fi araha, kuma ba ya wuyar samu a kasuwar Wunti ko ta Muda Lawal da ke Bauchi. Sai dai guguwar farkon damina takan yi ta kaɗa shi yana gogar fenti har ya dusashe, idan kuma aka ɗaure shi tamau babu mashigar iska, danshin watan Agusta yakan taru a ƙarƙashinsa, katifa da labule su yi fumfuna, katakon ciki ya fara ruɓewa ba tare da mai ita ya lura ba.

Rumfar kwano tana cin kuɗi da fili, amma tana tare ranar Maris da Afrilu, wadda ita ce ke busar da ɗankon da aka liƙe rufi da gefen tagogi da shi har ya tsattsage ruwa ya samu hanya. Iska kuma tana ratsawa. Ƙurar hunturu dai za ta shiga, amma wannan aikin tsumma ne da bokitin ruwa. A ganina, mai fili a gida ya kafa rumfa.

Kowanne aka zaɓa, wajibi ne a cire kan batir, a riƙa gwada iskar tayoyi kowane wata, a kuma sabunta giris ɗin boris, wato zoben ƙarfen da taya ke juyawa a kansa, sau ɗaya a shekara.